Bakan Da Na Goge A Bangon Malama Zubaida

Ranar Talata, tara ga watan Rajab, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malama Zubaida, matar yayana Sada, mai koyar da kimiyyar sinadarai a sakandaren 'yan mata a nan ƙasar Zango. Dukanmu na Allah ne, ita dai ta riga mu komawa. Ba ta yi jinya ba. A bakin aji ta yanke jiki ta faɗi da alli a hannunta, kafin a kai ta asibiti a Daura rai ya yi halinsa.

Malama, da aka kira ni a waya, dariya na yi. Wallahi dariya na yi. Da safiyar ranar kika ce mini, "Harisu, wata rana sai na rama tsiyar da kake mini." Sai na ce wa mai kiran ya gaya miki dabarar ba ta ci ba. Kukan ɗalibanki na jiyo a bayansa, nan na gane gaskiya ne. Da na shiga gida na gaya wa Iya, mafici ta jefo mini, ta ce, "Ɗan nema, yau har da mutuwa kake wasa?" Sai da ta dubi fuskata sannan ta zame ta zauna a ƙasa.

Ni ban taɓa zama a ajin boko ba, allo kaɗai na sani, baƙaƙen da nake rubutu da su yanzu ma ke kika koya mini. Ke kika shafe bangon soronmu da baƙin fenti, kike tara 'yan matan unguwa bayan la'asar kina ƙara musu karatu kyauta. Kullum kafin ki tafi aiki kike rubuta darasin yamma a bangon. Wata rana, don tsokanar da ke tsakanin ƙanin miji da matar wa, na sa yatsa na goge wasu baka biyu da na gani a rubutun. Na zaci kwalliya ce.

Ba ki yi faɗa ba. Kika ce in tsaya in ga ɓarnar da na yi. Kika nuna mini NO₃, kika ce su huɗu ne a ciki amma sunansu ɗaya, naitiret, kamar matan gida guda da suka zo biki, a ƙofa sunan gidansu ake faɗa, ba a kiran kowace da nata. Kika ce kalsiyam hannu biyu gare shi, naitiret hannu ɗaya, don haka sai an kawo ayari biyu kafin hannuwa su cika. A sa ayarin cikin baka, a rubuta biyu a waje: Ca(NO₃)₂. Wajen kiran suna kuwa, mai bayarwa a gaba, mai karɓa a baya, kalsiyam naitiret. "Da ka goge bakan, uku ta manne da biyu. Oksijin talatin da biyu ka tara mana a soro, mijin banza, ina za mu zauna?"

Daga ranar kika ba ni aiki. Kullum bayan fitarki in ɓata abu ɗaya a bango, 'yan mata su zo su nemo. Suka sa wa abin suna ɓarnar Harisu. Yau in sauya lamba a amoniyam salfet na buhun taki, gobe in juya sunan kanwa, kabonet ya riga sodiyam. Kowa ya san ni da tsokana a garin nan, ke kaɗai kika samo mata amfani.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa kama ni ba, Khairunnisa 'yar Mainasara maƙwabcinmu. Makarantar ungozoma take so, jarrabawa ta matso, kuma in ta faɗi wannan darasin ba za a ɗauke ta ba. Kin sha ce mini, "Yarinyar nan tilawa take yi irin taku, ba ta tsayawa ta tambayi rubutu." Ita ce damuwarki.

Safiyar Talatar, kalsiyam naitiret kika sake rubutawa saboda ita, ni kuma na goge bakan ina ƙunshe dariya, ina jiran la'asar. La'asar ta same mu a maƙabarta. Da muka dawo Yaya ya ce kada wanda ya taɓa bangon. 'Yan matan da ke wucewa cikin gida gaisuwa sai su tsaya suna kuka, wasu suna kwafe rubutun yadda yake, wai na ƙarshe ne daga hannunki. Ina zaune a tabarma ina gani, ni kaɗai na san ɓarnata suke kwafewa.

Ranar sadakar uku Khairunnisa ta zo wucewa, ta tsaya. Ta daɗe tana kallo, tana ƙirga da yatsu a cikin hijabi. Sai ta juyo.

"Kawu Harisu, Malama ba za ta rubuta haka ba. Hannun kalsiyam ɗaya a sake yake. Kai ne ko?"

Na ɗaga kai kawai. Ta dubi Yaya, ya miƙa mata guntun allin da aka ciro daga hannunki. Ta mayar da bakan. Nan na yi kukan da ban iya yi a maƙabarta ba. Ta kama ni, Malama, ba kya nan.

Ya Allah, Ka jiƙan Zubaida, Ka yafe mata, Ka yalwata kabarinta, Ka sa abin da ta koyar ya riƙa isa gare ta. Ina miƙa ta'aziyya ga Yaya Sada da 'yarsu Siddiƙa, da Iya, da iyayenta na Dutsi, da ɗalibanta duka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya ba Khairunnisa sa'ar jarrabawa, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.