Tukunyar Wardin Kawu Lado

Kawu Lado ya sauka a tashar jiragen ruwa ta Jidda a shekarar 1976 da niyyar ya yi hajji ya koma gida. Hajjin kam ya yi shi, komawar ce ya yi ta ɗagawa har ya manta da ita. Ni Zubaidatu na san shi sani na gaske, domin gida ɗaya muka zauna a unguwar Madain Fahd ta Jidda, shi a ɗakin sama, mu a ƙasa, na sha faɗansa ya sha nawa.

Ƙuruciyarsa a garin Ɗa'ifa ta ƙare, a gidan wani dattijo Hamad da ya gaji sana'ar ruwan wardi. Can ya koyi yadda ake tsinke furen kafin rana ta taɓa shi, a zuba a tukunyar tagulla, a liƙe murfin da ƙullun fulawa, a saka wuta kaɗan-kaɗan har tururi ya bi bututu ya huce, ya riƙa ɗiga cikin kwalba. Da Hamad ya tsufa, 'ya'yansa suka buɗe 'yar ma'aikata, suka kawo tukwanen ƙarfe masu agogo, suka ce sai mai iƙama, wato takardar izinin zama, za su ɗauka. Kawu ba iƙama, ba kafili, wato ɗan ƙasa mai tsaya masa. Tsohon ya ji kunya, ya ba shi tsohuwar tukunya ɗaya ya ce ya je Allah ya rufa asiri.

Haka ya gangaro Jidda da matarsa Rabi'a da 'yarsu Zaituna, ya shiga dako a sito-sito na bakin tasha. Amma da watan wardi ya kama, ba mai ganin Kawu wurin dako. Wani direba, Usuman, yakan kawo masa buhunan fure da hantsi, shi kuma ya sayo ƙanƙara saboda zafin Jidda ba ya barin bututu ya huce. In na tsokane shi na ce wasa yake yi da wuta kamar yaro, sai ya harzuƙa.

"Ke Zubaidatu, masu wannan aiki ba ɗaya ba ne," in ji shi. "Akwai masu ma'aikata, su agogo ke gaya wa abin da za su yi. Akwai masu kuɗin da ke sayen 'yar tukunya don nishaɗi, su ƙona fure su yi dariya. Mai sana'a kuwa hancinsa yake bi."

"To kai da ba shago ba ciniki, wanne ne?"

"Ni mai sana'a ne da aka kora," ya ce, ya ci gaba da shafa ƙullunsa.

Rabi'a ta rasu a 1998, aka binne ta a Jidda. Daga ranar burin Kawu ya zama guda: ya mutu a garin nan a sa shi a ƙasar da aka sa ta. Tsoron kada a kama shi a mayar da shi gida ya shige shi sosai. Ya daina zuwa kasuwa, ya daina bin babban titi, in ya ga motar askarawa, wato 'yan sandan ƙasar, sai ya shige lungu da tsufansa. Abin yana ba ni tausayi, yana kuma ba ni haushi.

Wannan tsoron ne ya kai shi ga kuskure. Mu marasa takarda mun saba ɓoye komai, har abin da ba laifi ba. Da a kan rufin gida yake dafa wardinsa, unguwa ta cika da ƙamshi, kowa ya san abin da ake yi. Sai ya ce ƙamshin zai jawo ido, ya mayar da tukunyar cikin ɗaki, ya toshe tagogi da tsumma, ya sa Usuman ya riƙa lulluɓe buhuna da bargo, kwalabe kuma ya riƙa fitar da su a ƙarƙashin riga. Na ce masa, "Kawu, wallahi ka fi kama da mai laifi yanzu." Ya ce in ji da girkina.

A Jidda kuwa, ɗaki a toshe da tukunya mai bututu abu ɗaya yake nufi, wato sadiƙi, giyar da wasu ke dafawa a ɓoye. Wani sabon maƙwabci da bai san Kawu ba ya ga shiga da fitar, ya kai rahoto. Ban ga laifinsa ba sosai, ko da yake har yau ba na amsa gaisuwarsa.

Wata ranar Talata a 2009, bayan azahar, askarawa suka hau sama. Ina biye da su ina ihu. Suka tura ƙofa, ƙamshi ya buge su, ga tsoho a durƙushe gaban tukunya. Babbansu ya shinshina kwalba, ya fashe da dariya ya ce, "Wardi ne, ya ammi! Halas, ba komai." Ya ammi, wato kawu a Larabcinsu. Har ya shafa ruwan a gemunsa. Na ce alhamdu lillahi a zuciyata. Ya juya zai fita, sai ya tsaya kamar wanda ya tuna wani ƙaramin abu.

"Iƙama, ya ammi?"

Kawu bai yi ƙarya ba, bai kuma roƙa ba. Cewa ya yi a bar shi ya kashe wuta kada furen ya ƙone. Suka jira shi ya kashe. Zaituna ta iso da gudu tana kuka, "Abuya! Ku bar shi, shaiba ne, tsoho ne, ba shi da kowa a can!" Babban ya sunkuyar da kai ya ce yalla, a tafi.

Aka tsare shi 'yan makonni, aka sa shi a jirgi zuwa Kano, garin da rabonsa da shi tun yana saurayi. Wani ɗan ƙanensa da bai taɓa ganinsa ba ya ba shi ɗaki a zaure. In sun yi waya da Zaituna ba ya tambayar tukunya, ba ya tambayar kowa, sai dai ko ta je wa uwarta ziyara.

Zaituna a ƙasar nan aka haife ta, ita ma ba takarda, in ta fita ba ta dawowa, ga miji ga 'ya'ya. Kullum tana cewa baɗi za a san yadda za a yi. A 2012 aka bugo mata waya daga Kano da la'asar, ina zaune kusa da ita. Ta tambaya yaushe ne jana'iza. Aka ce ai tun safe an kai shi.