Matar da ke Bin Layin Likita Ba Ta da Ciwo

Da safe, tun mai shara bai gama goge barandar asibiti ba, za ka same ta a ƙarshen benci, jaka a cinya, gorar ruwa a gefen ƙafa. Lafiyarta ƙalau. Aikinta tambaya ne. Ofishinsu ke turo ta ta zaga asibitoci, ta tambayi likitoci ko sun fara sa bayanin marasa lafiya a kwamfuta, in ba su fara ba kuma, me ya hana. Nas-nas suka sa mata suna Uwar Tambaya, sunan ya bi ta har yau da take shirin ajiye aiki.

Tana da takardar izinin shiga wurin likita kai tsaye, amma ban taɓa ganin ta fito da ita ba. Layi take bi kamar kowa. In wani ya zo bayanta da yaro a kafaɗa, sai ta ce, "Wuce, bawan Allah." Haka za ta yi ta cewa a wuce har benci ya zama ba kowa, sannan ta shiga, lokacin da likita ya gaji, yunwa na cin sa, ba abin da yake so kamar ya ga ƙofa.

A kan wannan benci muka san ta, ni da maigidana. Tela ne, ciwon ƙoda ya kama shi, asibiti ya zama mana gida na biyu. Shi mutum ne mai tsokana. Wata rana ya ce mata, "Baiwar Allah, ke wane irin ciwo gare ki, kullum sai an wuce ki?"

Ta ce, "Ciwon tambaya, Malam."

Ya ce, "Ayya, sannu. Wannan ba ya warkewa. Shi ke damun matata tun da na aure ta."

Daga ranar na fara ce mata Yaya.

Ita ta ga irin wahalar da muke sha. Katin maigidana yau a gan shi, gobe a ce ya shige cikin tulin takardu a ɗakin ajiya. In aka rasa, sai a buɗe sabo, likita ya ɗaga kai ya ce a faro daga farko. Maigidana ba ya riƙe sunan magani, ko an faɗa masa yanzu. Ni ce nake riƙewa. Wanda aka ba shi, wanda aka hana shi, da wata allura da jikinsa ba ya karɓa ko kaɗan, duk a kaina suke. Yakan ce wa likita, "Tambayi fayil ɗina, ga ta nan zaune da mayafi." Kowa ya yi dariya. Yaya ba ta yi dariya sosai ba. Ta ce mini, "Ranar da ba kya nan fa?" Na ce ina zan je?

Wata nas ta ba ni labarin yadda take aikinta a ciki. Likitoci da yawa sukan ce mata, "E, muna amfani da kwamfutar," don ta tafi. Ita kuwa ba ta musu, ba ta kuma rubutawa. Sai ta gyara zama ta ce, "Likita, ni ba alƙali ba ce. Me ke ba ka haushi da ita?" Nan sai baki ya buɗe. Wannan ya ce wuta na ɗaukewa ana tsakiyar rubutu. Wancan ya ce hannu biyu Allah ya ba shi, ɗaya na kan cikin mara lafiya. Wani dattijon likita ya kama hannun kujerarsa ya juya ta, ya nuna mata. An kafa kwamfutar a jikin bango, wurin da ake jona wuta, in zai rubuta dole ya ba mara lafiya baya. Ya ce, "Ni ba zan juya wa mai kuka ƙeya ba. Rubuta haka, in za su karanta."

Ta rubuta. Shekara ta zagayo ta dawo, ta tarar da kwamfutar na nan tana kallon bango, an rufe ta da ƙyalle. Ta sake rubutawa. Wani likita ya taɓa ce mata, "Uwar Tambaya, ba kya gajiya? Wa ke karanta abin nan?" Ta ce, "Ni ma ban sani ba. Amma in na rubuta ƙarya, na tabbata ita za su karanta."

Ranar da ta tambaye ni a kanta ta zo, ranar da ba na nan. 'Yarmu ta fari tana naƙuda, ina can wurinta. Da rana tsaka maigidana ya faɗi a shago, kan keken ɗinki. Maƙwabta suka kwashe shi zuwa asibiti. An nemi kati ba a gani ba, shi kuma ba ya magana, likitan da ke aiki sabo ne, bai taɓa ganin sa ba. Ya yi abin da ya sani don ya cece shi, cikin abin da ya yi har da allurar nan. Ban riƙe likitan a zuciya ba, kuma ban ce allurar ce ta kashe maigidana ba. Kwana ne ya ƙare. Amma na iso da maganar a bakina, na tarar an riga an ja masa zane.

Yaya, ke ce kika zo gaisuwa kika zauna a bakin ƙofa, kika kasa shigowa. Ke ce kika ce mini, "Na yi ta tambaya, ban yi sauri ba." An ce mini har yanzu haka kike faɗa wa abokan aikinki, wai kin ƙare ƙuruciyarki a kan benci ba abin da kika gyara. Shi ya sa na ɗauki biro, duk da rubutu ba sana'ata ba ce.

Ki ji. 'Yar nan tawa ta gado jikin ubanta, ita ma allurar ba ta karɓe ta ba. Kwanakin baya ciwon ciki ya murɗe ta, mijinta ya kai ta asibitin nan, ni ina gida ban ma sani ba sai da aka kira ni. Na fito ba takalmi a ƙafa ɗaya. Da na shiga, na ga an jawo teburin likita zuwa tsakiyar ɗaki, likita na kallon fuskarta, kwamfuta a gefen hannunsa. Na ce, "Likita, kada a yi mata..." Ya ce, "Mama, zauna ki huta. Na gani, ga shi da jan rubutu. Mun ba ta wata."

Na zauna. Kukan da na yi, sun ɗauka na murna ne, ban gyara musu ba.

Ban san ko takardarki ce ta jawo teburin nan ba, ko ta wani. Ban san yadda ofis ke aiki ba. Na dai san wadda ta yi ta zuwa. Kuma ba duka aka gyara ba, har yanzu akwai ɗakunan da ƙyallen ke kan kwamfuta. Wanda zai gaje ki, an ce ta waya zai riƙa tambaya. Ɗana, ta waya kowa zai ce maka e. Ka zo da ƙafarka. Ku ma likitoci, in mai tambaya ya ƙwanƙwasa, na san kun gaji, amma ku faɗa masa gaskiyar abin da ke hana ku, kamar yadda dattijon nan ya yi.

Na gode, Yaya. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya saka miki da abin da ba mu iya ba. Girma ya fara kama ni, jiya na tsaya a tsakar gida ina neman sunan allurar nan a kaina, ya ƙi zuwa. Da can da hankalina ya tashi. Jiya kuwa na ci gaba da shanya kayana.