Zanen Gawayi a Bangon Mma Azara

Har na yi ritaya ban manta da ranar da na fara shiga gidan Mma Azara a Yendi ba. A ƙarshen shekarun tamanin ne, ina ƙaramar nas mai zaga gidaje. Ƙa'idarmu a lokacin, wanda aka sallamo daga babban asibiti mu duba ɗinkinsa, in ya warke a rufe fayil.

Mma Azara mai koko ce, an cire mata nonon dama a Kudu saboda ciwon daji. Wata uku da dawowarta na same ta kwance, hannunta na dama ya kumbura, kafaɗar ta sandare. Ba sakaci ba ne, jinya ce irin tamu. Ɗaki cike da 'yan dubiya, in ta miƙa hannu ɗaukar moɗa, mutum uku sun riga ta. Raina ya ɓaci, don na san in aka ƙara wata biyu a haka, ita da damun koko har abada.

Na ce a bar ta ta motsa. Yayarta Memuna ta ce, "Madam, mutum ya dawo daga bakin kabari mu sa shi aiki? Ai duk unguwar Zango za ta zage mu."

Na kai maganar wurin babbar nas. Ta ce, "Ɗinki ya warke, namu ya ƙare." Na nace mata kamar ƙuda, har ta bar mini ranar Laraba in riƙa zuwa gidan.

Tunda ba ni da ikon korar 'yan dubiya, sai na ba su aiki. Na tsayar da Mma Azara gaban bango, ta taka yatsunta sama har inda ta iya, na zana wurin da gawayi. Na ce duk wadda ta zo sannu, ta sa ta hau bangon da yatsu sau biyar kafin a gaisa. Ranar farko ta yi kuka, ta ce ba ni da imani. Ban fasa ba. Kafin wata guda Memuna ce ke riƙe da gawayin, tana tsawata wa masu tausayi.

Mma Azara ta koma bakin tukunyarta, amma hannun bai taɓa wuce kunnenta ba. Wata ukun nan na farko ne suka cinye sauran motsin, kuma abin yana damuna har yau.

Daga nan ban sake rufe fayil don ɗinki ya warke ba. Ku ma ƙananan nas, in an sallamo muku mai ciwon daji, ku isa gidan a satin farko, kafin masu ƙaunarsa su gama kwantar da shi.