Kunnen Salatif

A bayan gidan waya akwai wani ɗan shago da bai kai faɗin gado biyu ba. Tebur ɗaya ne a ciki, da sikeli, da kwalaye da aka jera har rufi, da wani tsoho da kowa ke kira Mai Kunne. Aikinsa naɗe kaya. Duk wanda zai aika abin da yake tsoron ya fashe ko ya lanƙwashe, wurinsa yake fara biyawa kafin ya shiga layin gidan waya. Kunnuwansa kuwa daidai suke da na kowa, na duba. Sunan daga salatif ya fito. Duk inda ya liƙa shi sai ya ninke bakinsa kaɗan, ya bar ɗan abin kamawa, wannan yake ce wa kunne.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekara ashirin ina ɗaure ciwo, saboda haka ban taɓa zaton akwai mahaluƙin da zai koya min naɗi ba. Maigidana ne ya ja min. Abokansa Gola suke ce masa, ko da yake rabonsa da tsaron raga tun kafin tumbi ya zo. Tun yana makaranta yake tara katunan 'yan ƙwallo, waɗanda ni a idona takardu ne masu hoton ƙarti da gajeren wando. A ciki akwai guda ɗaya da ko ƙurar aljihun teburin da yake ajiye ba a yarda in goge ba. Katin wani mai tsaron gida ne na wata ƙungiya da ta daɗe da rushewa, da sa hannunsa da shuɗin biro a ƙasan hoton. Masu tara irin wannan a ƙasashen waje sun yi ta taya shi, Gola ya ce albarka.

Sai ga saƙo daga wata tsohuwa a can ƙetaren teku. Ta ce ita 'yar mai tsaron gidan ce. Gobara ta cinye gidansu shekarun baya, ba ta da ko layi ɗaya na rubutun mahaifinta, kuma ta yi cigiya har ta gaji, ba ta ji labarin wani kati mai sa hannunsa ba sai wannan. Za ta saya yadda ya ce. Kwana uku Gola yana shiga yana fita, a na huɗu ya amsa mata cewa zai aika. Daga nan kuma tsoro ya kama shi, don katin ɗaya ne tak. In kusurwarsa ta lanƙwashe a hanya, ko wani abu ya karce sa hannun, babu inda za a samo wani.

Na ce ya bar min. Na sa katin a ambulan, na sa ambulan a leda, na bi da salatif na yi ta zagayawa har naɗi guda ya ƙare. Ƙunshin ya fito kamar ƙafar da aka yi wa ɗori, ni kuwa sai jin daɗi nake. Gola ya juya shi, ya ce mu dai biya wurin tsohon ya auna mana nauyi. Na san ba nauyi ne ya dame shi ba, amma na bi shi.

Mai Kunne ya karɓi ƙunshin, ya laluba shi da farce ta kowane gefe yana neman bakin salatif, bai samu ba.

"'Yata, wa ya yi wannan?"

"Ni ce, Baba. Ko ruwa ba zai shiga ba."

"Gaskiyarki. Ko mai shi ma ba zai shiga ba. Da me za ta buɗe?"

"Da reza mana, ko almakashi."

"To ina katin yake a ciki? Nuna min daidai inda za ta sa rezar ba ta taɓa shi ba."

Haushi ya kama ni, musamman da na ga Gola yana kallon rufi yana danne dariya. Tsohon ya wanke hannu, ya goge teburin, ya yi kusan rabin sa'a yana ɓare aikina zare-zare da farce, bai taɓa ƙarfe ba.

Daga nan ya fara nasa, ni kuma na ja kujera na zauna don in ga inda zai yi kuskure. Ya zura katin a wata 'yar leda mai laushi daidai girmansa, yana riƙe da shi ta gefe. Ya sa ledar a cikin gidan roba mai tauri, ya liƙe bakin da guntun salatif na takarda, ya ninke masa kunne. Ya yanko kwali biyu da suka ɗan fi robar faɗi, ya gicciya su, layin ɗaya a tsaye na ɗayan a kwance, don kada su lanƙwashe ta gefe guda. Salatif huɗu, kunne huɗu. Ya jefa ɗan ƙullin nan mai shan danshi, ya naɗe da leda mai ƙuraje, ya sa a ƙaramin akwatin kwali, ya cusa takarda a duk inda ya ga sarari. Sai ya ɗaga akwatin kusa da kunnensa ya girgiza. Ya yamutsa fuska, ya buɗe, ya ƙara takarda, ya sake girgizawa. Ni ban ji komai ba tun a karon farko.

Da muka zo cike takardar kwastan, Gola ya ce ko a rubuta hoto ne kawai, kada a ja hankalin ɓarayi. Tsohon ya ce a'a. A rubuta abin da ke ciki da ainihin darajarsa, a yi inshora, a nemi sa hannun mai karɓa. A jikin akwatin dai ba ya rubuta komai sai adireshi.

Na tambaye shi me ya sa yake wahalar da kansa da waɗannan kunnuwa. Yana shara ya ba ni amsa. Ya ce yana saurayi a shagon masu gilashi ya yi aiki, shi ke naɗe madubai, har ana yabonsa da cewa abin da ya ɗaure ba ya kwancewa. Wata rana wani direba ya kawo masa hoton mahaifiyarsu da ta rasu, shi kaɗai gare su, zai aika wa ƙanwarsa. Ya naɗe shi tamau. Hoton ya isa lafiya, ƙanwar ta rasa ta inda za ta buɗe, ta sa reza, ta raba fuskar uwarta biyu. Direban ya dawo da hoton ya ajiye masa a kan tebur, bai zage shi ba, ya juya ya tafi.

"Da ya zage ni da na manta," in ji shi. "Kowa hanya yake tsoro, 'yata. Jirgi, ruwa, masu jifa da kaya. Ni mai buɗewa nake tunani. Yana ɗoki, hannunsa na rawa, ga wuƙa a kusa."

A nan na daina neman kuskurensa. Na kuma ji kunya, don na tuna sau nawa na liƙa wa tsofaffi filasta ban taɓa tunanin wanda zai ɓare ta ba.

Kwana tara Gola yana bin lambar ƙunshin a waya kamar mai jiran sakamakon gwajin jini. A na goma rubutun ya canza: kwastan na can sun tsare shi, sun buɗe don bincike. Na dawo daga aiki na same shi zaune a bakin gado, abincin rana yana nan yadda na bar shi. Ya ce ya san yadda suke yi, da wuƙa suke farkewa. Ya ce shekara talatin ya riƙe katin nan babu ko tabo, ga shi ya miƙa shi da hannunsa a yanka. Na yi masa faɗa don in ƙarfafa shi, amma ni ma na kwana ina duba wayar.

Bayan kwana shida tsohuwar ta aiko da bidiyo, maƙwabciyarta ta ɗauka. Tana zaune a teburin kicin, ga akwatin da tambarin kwastan a jikinsa. Yatsunta duk sun karkace da ciwon gaɓoɓi, da gani ba za ta iya riƙe almakashi ba. Da alama ma'aikacin kwastan da ya bincika ya ga kunnuwan, ya ja, ya duba, ya mayar da kowanne inda yake. Ita ma ta kama na farko da yatsu biyu ta ja, ya taho. Na biyu, na uku, na huɗu. Katin ya fito da kusurwoyinsa huɗu cif. Ta daɗe tana kallon shuɗin rubutun, sannan ta ɗora yatsa a kan robar tana bin haruffan ɗaya bayan ɗaya. Gola ya tashi ya shiga banɗaki wai wani abu ya faɗa masa a ido.

Washegari na tafi shagon ni kaɗai. Na tarar yana naɗe wa wata mata kofunan tangaran, na jira ya gama, na miƙa masa wayar. Ya goge hannu a riga, ya sa tabarau, ya kalla har ƙarshe bai motsa ba. Na zaci zai tambaya ko kwalin ya lanƙwashe. Sai ya ɗago ya dube ni.

"Shekara arba'in ina naɗewa," ya ce. "Ban taɓa ganin ana buɗewa ba."

Akwai mutum biyu a bakin ƙofa riƙe da kayansu suna jira. Ya ɗaga musu hannu su ɗan dakata, ya miƙo min wayar.

"'Yata, mayar min da shi baya. Daidai inda ta kama na farkon."