Goggo Wa-ya-ce da Mutumin da Ruwa Bai Ci Ba

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da ƙarfe goma da kwata na safe, Allah ya karɓi ran Goggo, ƙanwar mahaifina, tana da shekara saba'in da huɗu. Na Allah muke, kuma wurinsa za a tattara mu. Na faɗi ranar da sa'ar filla-filla ne, Goggo, don na san da kina nan sai kin ɗaga gira kin ce, "Wa ya ce?" To, likita ne ya ce, ni ma ina tsaye a wurin. Shaidu biyu ke nan, yadda kike so.

Wannan tambayar ce ta zame miki suna a gidanmu. Shekara talatin da ɗaya kika yi a ɗakin ajiye katin marasa lafiya na asibiti, tsakanin kantoci masu ƙura da fanka mai kuka. Can kika gano cewa rabin mutanen gari ranar ɗaya ga watan farko aka haife su, kuma mace kan shekara biyar tana talatin da tara. Ba ki raina mutane a kan haka ba. Tsoho zai zo ya yar da katinsa, ya manta lamba, ki zaunar da shi ki ba shi ruwa, ki yi ta tambayarsa har ki zaƙulo fayil ɗinsa. Amma tun daga lokacin ba ki ƙara yarda da magana don kawai an daɗe ana faɗinta ba.

Da kika ajiye aiki mun ɗauka za ki huta. Sai kika sayi littafi mai baƙin bango kika ce za ki rubuta asalinmu. Kowa ya yi murna, domin kowa na zaton sarauta za a tono masa.

Kowane gida yana da gwarzonsa. Namu shi ne ƙanen kakanmu, wanda muke kira Ƙaramin Kaka. Labarin da muka tashi da shi shi ne, yana saurayi yana tuƙa kwalekwale, wata rana kogi ya kife da su, ya yi ta fito da mutane har ƙarfinsa ya ƙare, ruwa ya tafi da shi. Ina yaro mutum uku ya ceta. Da na shiga sakandare sun zama bakwai. Ranar da na yi aure Baffa Babba, yayanki, wanda labarin ke hannunsa kamar gado, ya kai su goma sha biyu, har da sa guda.

Ke kuwa kina da ƙa'ida. Abin da mutum ɗaya ya faɗa, da fensir kike rubuta shi. Ba ya samun biro sai mutum na biyu ya faɗe shi, kuma wanda ba su saba zama tare da na farkon ba. Ba kya tambayar tsofaffi biyu a ɗaki ɗaya, don kin ce ɗaya zai yi magana ne ɗaya ya riƙa gyaɗa kai. Kuma ba kya tambayar abin da ya faru. Gefensa kike bi. Wane lokaci ne na shekara? Wa ya kawo labarin gida? Wa ya ga gawar? Ina kabarin?

Nan gwarzonmu ya fara tangaɗi. Wata tsohuwa ta ce da damina ne, wani ya rantse da rani ne, lokacin da akuya ma ke ƙetare kogin da ƙafa. Ba wanda ya ga gawa. Cikin mutum goma sha biyun nan kuwa, ba a samu ko jikan guda ɗaya da ya taɓa zuwa godiya ba.

Da idonki ya fara rauni na zama direbanki kuma mai karanta miki. Mun shiga ɗakunan ajiyar takardu da ɓeraye suka riga mu karantawa. Don kada a ce na yi son kai, kin taɓa kuskure. Shekara biyu muna bin sawun wani mai suna irin na Ƙaramin Kaka, har kika fara kiran jikokinsa 'yan uwa, sai rajistar haihuwa ta nuna ya girmi kakanmu da kansa. Kika koma gidansu kika ba su haƙuri, kika bar musu bayanin zuriyarsu da kika tara, shafi goma sha ɗaya. Har yau suna aiko miki da gaisuwa.

Gaskiyar ta fito ne daga rajistar ma'aikatan wata tsohuwar masaƙa da aka daɗe da rufewa, a wani gari mai nisan yini guda a mota. Ga sunansa, ga sunan mahaifinsa, ga garin haihuwa, ga kuma bayanin cewa ba shi da kan ƙaramin yatsan hagu, abin da tsofaffinmu uku suka riga suka gaya miki. An ɗauke shi aiki shekara goma sha ɗaya bayan ruwa ya cinye shi. Na karanta miki layin sau biyu. Kika ce, "Ashe ya iya iyo."

Ya rasu tuntuni, amma ya bar 'ya guda, tela ce, shekararta saba'in. Mun same ta a shagonta, zare a baki, tabarau a kan hanci. Kika faɗi wace ce ke. Ta cire ƙafarta daga kan keken ɗinkin.

"Baiwar Allah, kin tabbata?" in ji ta. "Ni tun ina yarinya ake ce mini ubana daga sama ya faɗo. Ranar aurena maƙwabci aka aro ya tsaya a matsayin dangin uba."

Ita ta ba mu sauran labarin, wanda mahaifinta ya faɗa mata sau ɗaya tak. Kwalekwalen ya kife da gaske, amma ba mutane a ciki. Kayan fataucin yayansa ne, wato kakanmu. Ya dawo gida jiƙe, yayan ya dube shi a gaban jama'a ya ce, "Da kai ruwan ya ci ya bar mini kayana." Shi kuwa ya juya, bai sake waiwayowa ba. Ba ta nemi komai a wurinmu ba. Cewa ta yi tana so kafin ta mutu ta shiga gidan da ubanta ya fito, a san ta, ko da sau ɗaya ne.

Wannan ne kika kasa samar mata, Goggo, duk da rajistarki. Baffa Babba ya ƙi ko duban takardar.

"Wato so kike ki ce Baba maƙaryaci ne?"

"Ban ce ba, Yaya. Cewa na yi ya yi nadama, ya rasa bakin faɗinta, sai ya yi wa ƙanensa kyakkyawar mutuwa."

"Shekara sittin ina ba da labarin nan!"

"Shi ya sa ya yi ƙiba."

Ya ce muddin yana raye ba wata tela da za ta shigo masa gida da sunan jini. Ba ki taɓa ɗaga wa yayanki murya ba, ranar ma ba ki ɗaga ba. Amma duk ƙarshen wata sai mun je wurinta, ki kai mata hotunan dangi, ki riƙa koya mata sunayenmu kamar mai shirin jarrabawa. Shekara uku ana haka. A gadon asibiti, kwana biyu kafin ki cika, kika ce mini in an yi rasuwar in sanar da ita. Na ce Baffa fa? Kika ce, "Ba a korar mai gaisuwa. Sauran kuma ba aikina ba ne."

Washegarin jana'iza ta iso da hantsi, ita kaɗai, da 'yar jakarta. Ta zauna a bencin baƙi da ke bakin ƙofa, kusa da tarin takalma. Na tsaya ina tunanin ta inda zan ɓullo wa al'amarin, sai ga Baffa Babba ya fito yana dogara sanda. Ta miƙe ta russuna ta ce masa, "Ya haƙuri?" kamar kowace baƙuwa. Ba wanda ya gaya masa ko wace ce. Ya tsaya yana dubanta har mutane suka fara kallon juna. Ni dai abin da na gani shi ne goshin gidanmu, wanda ba ya ɓuya ko a cikin taro.

"Wa ya ajiye ki a nan?" ya ce.

Ta ce ba kowa.

"To tashi ki shiga ciki. Ke ba gaisuwa kika zo yi ba, ke za a yi wa." Sannan ya juyo kaina da faɗa, kamar ni na yi laifin shekara tamanin. "Kai kuma ka tsaya kana kallona? Karɓi jakar goggonka!"

Kada ki ɗauka ya saki labarinsa. Da yamma na ji shi yana gaya wa wasu baƙi cewa ƙanen mahaifinsa ya ceci mutum goma sha biyu, sannan ya fita ta ɗaya gaɓar ya kafa zuriya. Na bar shi. Iyakar abin da tsoho zai iya sauke wa kansa a rana ɗaya ke nan.

Allah ya jiƙan ki, Goggo, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya sa zumuncin da kika ɗinke ya tsaya miki a ranar da ba a tambayar kowa asalinsa. Ya jiƙan Kaka da ƙanensa, ya sulhunta su a can. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanki da jikokinki, da Baffa Babba, da sauran dangi na kusa da na nesa. Ina kuma miƙa ta ga goggonmu tela, wadda ta shekara saba'in tana jiran dangin uba, ranar da ta same su kuma ta zauna cikinsu tana karɓar gaisuwar wadda ta nemo ta. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya, amin.