Mijin Rudaina Bai Zama Ɗan Gari Ba

A unguwar Mina ta birnin Tarabulus, can bakin teku a Lebanon, aka haifi Rudaina, a nan kuma aka binne kakanninta har waɗanda ba a tuna sunansu. Ubanta mai gyaran komar masunta ne. Ita kuwa Allah ya yi mata baki kamar reza, masu sayar da kifi kan rage mata farashi tun kafin ta buɗe shi.

Shahata kafinta ne, mutumin Dumyat ta ƙasar Masar. Ya zo da ƙuruciyarsa yana sassaƙa kujeru a shagon wani Abu Nadim, bayan gidansu Rudaina. Mutum ne mai barkwanci, in yana ba da labari har masu wucewa tsayawa suke. Ta kai masa gyaran kujera, suka yi cacar baki a kan aikin, daga nan kujerun gidan suka dinga karyewa ɗaya bayan ɗaya.

Da ya aiko neman aurenta, ubanta ya kira ta ɗaki.

"Ban ga aibu a halin yaron nan ba," in ji shi. "Amma 'yata, a ƙasar nan mace ba ta ba mijinta ƙasa, ba ta ba ɗanta. Baƙi za ki haifa a ɗakin da aka haife ki."

"Baba, ai ba gwamnati zan aura ba."

"Ita za ta kwana a tsakaninku."

Ta yi dariya, aka ɗaura aure.

Ba a jima ba ta gane abin da tsohon yake nufi. Kowace shekara sai Shahata ya je ya sabunta izinin zama da na aiki, ya bi layi tare da leburorin da suka sauka jiya. Izinin aikin kuma da sunan Abu Nadim yake ɗaure. Wasu shagunan sun yi zawarcinsa da albashi mai tsoka, amma in ya motsa sai a koma farko, in kuma aka samu tangarɗa sai a ce ya tattara. Ya zauna. Abu Nadim ya san haka, shi ya sa bai taɓa jin kunyar hana shi ƙari ba.

Wahalar layi ba ta ci wa Rudaina rai kamar yadda ta ga mijinta yana lanƙwashewa ba. Wata rana wani yaron masu kuɗi ya buge shi da mota yana kan keke, ya kuma fito yana zaginsa. Shahata ya tashi da jini a gwiwa, shi ne mai ba da haƙuri.

"Kai aka buge, kai ke roƙon gafara?" ta ce, tana wanke masa ciwon.

"Ummu Hazim, in muka je wurin 'yan sanda, shi sunan ubansa za su tambaya, ni takardata. Bar shi kawai."

Hazim shi ne ɗansu tilo. A Mina aka haife shi, harshensa na Mina ne, Masar kuwa a taswira ya san ta. Duk da haka shi ma da izinin zama ya girma.

Ana nan sai ƙaninta Gassan, wanda ya tafi Romaniya karatun likitan haƙori, ya dawo da mata, sunanta Mirela. Yarinya ce mai kirki, ba ta iya ko gaisuwa da Larabci ba. Kafin a yaye ɗansu na fari ta zama 'yar ƙasa. Ranar da aka ba ta katin, Gassan ya sayo kayan zaƙin da suke kira kunafa ya tara dangi. Rudaina ta karɓi katin ta juya shi a hannu.

"Barka, amarya. Faɗi sunan titin da gidanku yake mu ji."

Mirela ta yi murmushi, ba ta gane ba.

"Haba Yaya," in ji Gassan, "ni na rubuta dokar?"

"A'a, kai dai ka ci ribarta. Ciki ɗaya muka fito, naka jinin yana ba da ƙasa, nawa ruwan wanki ne."

Shahata ya taɓa mata hannu a ƙarƙashin tebur. Ta mayar wa Mirela katin, amma ba ta ci kunafar ba.

Daga baya ta haɗu da wasu mata masu irin ciwonta, suka riƙa hawa mota zuwa Beirut suna tsayuwa a rana da kwalaye. Sau ɗaya wani babba ya shigar da su ofis, ya sa aka kawo gahawa. Ya yi musu bayani a tsanake cewa ƙasar nan sikeli ce, kowace ɗariƙar addini da nauyinta, in aka zuba mazan waje a gefe guda sai ta rinjaya.

"Ranka ya daɗe," in ji Rudaina, "mijina ko iska mai ƙarfi kayar da shi take yi. Shi ne zai karya muku sikeli?"

Matan suka kwashe da dariya, shi ma ya dara, ya ce za a duba. An ɗan sassauta daga baya, aka daina sa mazajensu da 'ya'yansu su sabunta izinin zama duk shekara. Sauran kuwa har yau ana dubawa.

Hazim ya karanta haɗa magunguna, ya fito da sakamako mai kyau. Da ya je yin rajistar sana'a aka nuna masa cewa ƙofar ta 'yan ƙasa ce. Ya yi shekaru yana tsaron kantin wani a ɓoye, in masu bincike sun shigo sai ya zama mai sayen magani. Ƙarshe ya samu hanyar Jamus. A filin jirgi Rudaina ta riƙe masa riga.

"Ka tafi inda ba ka san kowa ba?"

"Mama, a can in an ce mini baƙo, aƙalla gaskiya aka faɗa."

Sai lira, kuɗin ƙasar, ta karye, mutane suka daina sayen kujeru, 'ya'yan Abu Nadim suka rufe shago. Shahata ya tsufa, ƙurar katako ta cinye masa ƙirji, ba fansho, ba inshorar asibiti, ba mai ɗaukar tsohon baƙo aiki. Wata safiya suna cin wake da burodi ya ce zai koma Dumyat, akwai ɗaki a gidan ɗan'uwansa.

"Ke ki zauna cikin danginki. Ba zan ce ki bi ni ba."

"Rufe mini baki. Wa zai tuna maka da maganinka, ƙanin naka kurma?"

Ta sayar da kayan ɗaki, ta je maƙabarta ta yi wa iyayenta sallama, ta bi shi.

A Dumyat ma Shahata bai tarar da gida ba. Abokansa sun mutu, yara suna dariyar harshensa da ya koma na Lebanon, suna ce masa ɗan Sham. Ita kuwa, da yake matar ɗan ƙasa ce, bayan 'yan shekaru Masar ta ba ta katin zama 'yar ƙasa, ba ta tsaya a rana da kwali ba. Ta jefa shi cikin aljihun tebur tare da allura da zare.

Bara Gassan ya kira ta a waya, murya cike da fara'a. Zaɓe ya matso, wani ɗan takara yana biya wa 'yan Mina da ke waje kuɗin jirgi su zo su jefa ƙuri'a.

"Ki zo Yaya, ki ga gida, ki sha iskar teku."

"Da Abu Hazim?"

Gassan ya ce, "Ai kin san shi ba ya cikin rajista."

"To ka ba Mirela kujerata," ta ce, ta kashe wayar.

Shahata yana tari daga ɗaki, ya tambaye ta wa ya kira. Ta ce masa wani ne ya yi ɓatan lamba, ta tashi ta ɗora masa ruwan zafi.