Ƙofar Motar Chuwang

Duk wanda ya zauna a Jos a ƙarshen shekarun saba'in ya san garejin Bala da ke kan hanyar Anguwan Rukuba, in bai san shi da ido ba ya san shi da kunne. Mai gyaran jikin mota ne, jikan mutanen da haƙar kuza ta kawo garin. Tun yana ƙarami yake ta fama da guduma, har ta cinye masa rabin ji. In za ka gaishe shi sai ka ɗaga murya kamar mai kiran wani a tsallaken rafi. A ganinsa babu lanƙwasar da ta gagari guduma.

Sai ƙofar motar amininsa Chuwang. Shi Chuwang direban wani Baturen kuza ne a Rayfield, da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa wata 'yar jar mota mai kujera biyu. Jikinta ba ƙarfe ba ne, wani abu ne mai kama da roba da zare a ciki, faiba ake ce masa. Rana ta gasa ƙofar direba har ta karkace ta daina kamawa. Ko a jikin Chuwang. Hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan a waje ya danne ƙofar, in zai sa giya ya tokare sitiyarin da gwiwa. Shi ya sa bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba, sai dai in ya zo wucewa ya kwarara ihu: "Oga Bala kurma! Ka ci abinci?"

Bala ya sha cewa ya kawo ƙofar ya ɗan ba ta guduma. Chuwang ya ce, "Ka taɓa ta da abin nan naka, ta fashe kamar ƙwarya." Haka suka yi shekaru suna wannan musu, kowa yana jin daɗinsa.

A daminar saba'in da takwas Chuwang ya kwanta 'yar gajeriyar jinya, bai tashi ba. Bayan an share makoki, ɗansa Dantong ya sami aiki a Kuru, sai uwarsa Ana ta zo garejin da kanta.

"Oga Bala, ka gyara ƙofar nan ta rufu," in ji ta. "Ba na so yaron nan ya faɗo a hanya. Ka yi mata fenti ma."

Da Bala ya kwance ƙofar, ya ga inda jan fentin ya goge ya yi fari, daidai faɗin hannun Chuwang. Ya ajiye guduma, abin da bai taɓa yi a gaban aiki ba. Garejin ya yi tsit, har maƙwabta suna leƙowa suna tambaya ko lafiya.

Matarsa Hasiya ta riƙa tafasa ruwa, shi kuma yana jiƙa buhuna yana lulluɓe ƙofar har ta yi laushi. Ya kwantar da ita a kan katakai, ya ɗora mata buhun yashin kuza, ya bar ta ta huce. Kashegari ya sake. Da ta miƙe, ya ƙarfafa cikinta da gam da ƙyallen faiba da ya samo wurin Alphonsus mai sayar da kayan mota. Aikin ya yi kyau, amma bai yi masa daɗi ba. Kullum ƙofar na ƙara miƙewa, shi kuwa ji yake kamar abokinsa yake kora daga cikin motar.

Ranar da ya mayar da ita, ya tura ta da yatsa ta kama. Ya yi mata fenti tas, ban da wurin nan fari.

Sai ga Ana ta zo da ɗanta, ta duba ta ce, "Fenti ya ƙare ne?"

"Bai ƙare ba, Maman Dantong."

Ta sake dubawa. Ta ɗora tafin hannunta a wurin, ta daɗe ba ta ɗauke ba, ba ta kuma ƙara maganar fenti ba.

Dantong ya shiga, ya ja ƙofa ta rufu, ya tayar da mota. Da ya hau titi ya fito da hannu ta taga ya ɗaga wa Bala, karo na farko da wani ya ɗaga masa hannu daga cikin motar nan. Bala bai mayar ba. Ya karkatar da kai, ya kafa kunnensa mai ɗan sauran ji, yana jiran a kira shi kurma.